Babi na Shida: Fayil ɗin Asibiti da Ƙidayar Masu Ciwon Hanta a Jigawa ta Tsakiya

Duk wanda ya je asibitin gwamnati a Dutse, Birnin Kudu ko Jahun, kafin ya ga likita sai ya bi ta ɗakin kati. A nan ake tambayarsa suna da shekaru da gari, a ba shi lamba, a buɗe masa fayil. Daga wannan taga rubutu yake fara binsa. Likita ya rubuta abin da ya ji da abin da ya gani, nas ta rubuta zafin jiki da awon jini da maganin da ta bayar, ɗakin gwaji ya shigar da sakamako a nasa littafin, akawu ya yanka rasit, ranar sallama kuma a cike rajistar ɗakin kwanciya da suna da cuta da yadda aka ƙare. Idan wata ya ƙare, ma'aikacin adana bayanai ya tattara abin da ke cikin rajistocin ya cike fom ɗin wata, a shigar da shi manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙiro, Nijeriya kuma ta ɗauke ta don tara alƙaluman lafiya na ƙasa. Daga nan alƙaluman su isa ma'aikatar lafiya a Dutse, su wuce Abuja.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce da aka yi don bincike. Likita yana rubutu ne don ya tuna, ko don wanda zai canje shi da dare ya san inda aka kwana; akawu yana yi don kuɗi su daidaita; ofis yana yi don rahoto ya tafi a kan lokaci. Amma da yake bin mutane gida-gida ana gwada jininsu aiki ne mai cin kuɗi da lokaci, bincike da yawa da likitoci da ɗalibai ke yi a kan cututtukan hanta daga waɗannan fayiloli yake fitowa: a ɗebo na shekara biyar ko goma, a ƙirga, a fitar da kaso. Kafin ƙirgar akwai tambayar da ake yawan tsallakewa, wato abin da fayil ya faɗa, ina gaskiyarsa ta tsaya? Damuwar ba sabuwa ba ce. Tun a 1863 Florence Nightingale ta koka cewa da ƙyar ta samu bayanan asibiti a Ingila da za a iya gwada na wannan da na wancan. A ciwon hanta kuwa, kuma a wuri irin Jigawa, tambayar ta fi nauyi.

Girman abin da ake son ƙirgawa

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B a duniya, miliyan 50 kuma nau'in C, kuma su biyun sun yi ajalin mutum miliyan 1.3 a shekarar. Cikin masu nau'in B, kashi 13 cikin 100 kacal aka taɓa gwadawa aka gano. A Nijeriya, babban binciken gida-gida na NAIIS da aka yi a 2018 ya samu nau'in B a jinin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuma kashi 1.1. Ƙidayar 2006 ta ba Jigawa mutum miliyan 4.3 da ɗoriya, kuma jama'a ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin. Ko da a kan ma'aunin ƙasa aka lissafa, maganar dubban ɗaruruwan mutane ake yi a jiha ɗaya.

Hanta gaɓa ce mai haƙuri. Jaririn da ya ɗauki nau'in B a wajen haihuwa, tara cikin goma ƙwayar za ta zauna masa har girma, alhali babban da ya ɗauka da wuya ta zauna masa. Yaron zai girma, ya yi noma, ya yi aure, ya haifi nasa 'ya'yan, bai taɓa jin komai ba. A ciki kuwa, ga wasu daga cikinsu, hanta tana ta tabo a hankali har ta taurare ta ƙanƙance, abin da likitoci ke kira sirosis, ko kuma ciwon daji ya tsiro a cikinta. Gubar afulatoksin da fumfuna ke bari a gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba tana ƙara haɗarin dajin ninki-ninki idan ta haɗu da nau'in B. Tsakanin kamuwa da bayyanar ciwo ana iya shekara 20 ko 30, kuma a duk tsawon wannan lokaci babu layi ɗaya a littafin kowane asibiti da ya ambaci hantar mutumin.

Waɗanda ba sa shiga littafi

Kuskuren farko ba a rubutu yake ba, a bakin ƙofa yake. Mutumin da idonsa ya yi ɗorawa a wani ƙauye na Kiyawa, Buji ko Miga, an san sunan ciwonsa tun kafin a je ko'ina: shawara ce, kuma mutane da yawa sun yarda cewa shawara ba ta son allura, maganinta na gida ne. Za a fara da jiƙo da sassaƙe, a je kemis, a je wurin malam. Wanda cikinsa ya kumbura ƙafafu suka biyo baya, ana iya cewa sammu ne. Sai abu ya ci tura ake neman mota. Saboda haka fayil ɗin asibiti yana cike da waɗanda suka zo a ƙurarren lokaci, da waɗanda ke kusa da titi, da masu abin hannu, da maza fiye da mata a wasu ɗakunan. Mai binciken da ya ce ciwon hanta ya fi kama mazauna gari, wataƙila abin da ya auna shi ne sauƙin samun mota.

Haka nan littafin masu ba da jini, wanda ake yawan dogara da shi saboda kowane mai bayarwa sai an gwada shi. Mafi yawan masu bayarwa samari ne da magidanta, 'yan uwan majinyaci ko waɗanda aka nemo, kuma wanda ya riga ya san yana da ƙwayar ba zai sake miƙa hannu ba. Littafin awon ciki kuwa mata ne zalla, masu shekarun haihuwa, waɗanda suka zo awo. Kowane littafi yana da amfaninsa, amma babu wanda ya zama hoton jama'ar Dutse gaba ɗaya.

Akwai kuma matsalar su wa za a raba adadin da su. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana kan babbar hanya, tana karɓar marasa lafiya daga ƙasar Gwaram da Buji, har da maƙwabta daga jihohin Bauchi da Kano. Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse, yana karɓar waɗanda aka turo daga sassan jihar. A ɗaya ɓangaren kuma, mutanen Jigawa da yawa Kano suke wucewa kai tsaye, zuwa Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, su shiga lissafin can. Adadin da asibiti ɗaya ya tara ba shi da iyakar ƙasa da za a ce daga nan zuwa nan ya fito.

Sanya wa ciwo suna

Wanda ya iso asibiti, saura a sanya wa ciwonsa suna, kuma a nan ne aikin ya fi sarƙaƙiya. Alamomin ciwon hanta ba nata ba ne ita kaɗai. Shawara tana zuwa da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, tana zuwa da sikila, tana zuwa da toshewar hanyar maɗaciya, da ƙwayoyin cuta a jini, da zazzaɓin Lassa, da shawarar da sauro ke yaɗawa, wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017 ta kuma yi ɓarna a jihar Bauchi a 2019. Maganin tarin fuka yana iya taɓa hanta, haka farasitamol idan an wuce ƙima. Mace mai ciki da ta zo da shawara a Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa tun 2008, tana iya kasancewa hawan jinin masu ciki ne ya taɓa mata hanta, tana iya kasancewa nau'in E ne da ake sha a gurɓataccen ruwa, wanda ya kashe mata masu ciki da dama a Diffa ta Jamhuriyar Nijar a 2017.

Ruwa a ciki shi ma haka. A litattafan likitanci da aka rubuta a Turai da Amurka, mafi yawan masu ruwa a ciki taurin hanta ne sanadinsu. A ƙasar Hausa masu takara da shi suna da yawa: tarin fuka na ciki, ciwon ƙoda, da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa, wanda likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suna danganta yawansa da wankan jego da kunun kanwa. Zuciyar da ta gaza tana kumbura hanta, ta tara ruwa a ciki da ƙafa, mai gaggawa ya ɗauka hanta ce. Akwai kuma nau'in tsargiya mai zama a jijiyoyin hanji, wadda ƙwanta ke taruwa a hanta su sa saifa ta kumbura mutum ya yi aman jini, alhali ba sirosis ba ne. Inda ake noman rani da kamun kifi a madatsun ruwa da fadamu, dole a sa ta a lissafi.

Rarrabe waɗannan yana bukatar gwaji, gwaji kuma yana bukatar kuɗi, kuɗin kuwa daga aljihun mai jinya suke fitowa. Gwajin gaggawa na nau'in B yana da araha, ana samunsa kusan ko'ina. Gwajin aikin hanta da hoton ciki sun fi shi tsada. Awon yawan ƙwayar a jini, da leƙa maƙoshi da na'ura don ganin jijiyoyin da suka kumbura, da ɗebo ɗan yankin hanta a duba, waɗannan sai manyan asibitoci, sau da yawa sai an dangana da Kano. Likita yakan rubuta jerin gwaji shida, mai jinya ya duba abin da ya rage daga kuɗin akuyar da aka sayar, a yi biyu. A ƙarshe abin da ke kan takarda 'yan haruffa ne, CLD, wato daɗaɗɗen ciwon hanta, ko PLCC, wato dajin da ya tsiro daga hanta, da alamar tambaya a gabansu. Wannan alama gaskiyar likita ce: yana zato, bai tabbatar ba. Amma idan aka kwashe sunan zuwa rajistar ɗaki, alamar tambayar takan faɗi a hanya, zato ya koma tabbas ba tare da kowa ya yi ƙarya ba.

Sanadin ciwon ya fi sunansa ɓacewa. A jihar da ke bin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, da wuya magidanci ya amsa cewa yana shan giya, balle a gaban ɗansa ko surukinsa da ke tsaye a bakin gado. Maganin gargajiya kuma mutane kan ɓoye shi don gudun faɗan likita. Tambayar ko an taɓa yi wa mutum ƙaho, ko tsaga, ko kaciya da askar da aka yi wa wasu, ko ƙarin jini, ba kullum ake yinta ba, idan an yi ma ba kullum ake rubuta amsar ba. Gurbin da aka bari fanko ba ya nufin a'a, amma masu ƙirga da yawa haka suke ɗaukarsa.

Daga suna zuwa lamba

Domin a iya gwada asibiti da asibiti, ƙasa da ƙasa, ana mayar da sunan kowace cuta lamba. Tsarin ya samo asali daga jerin sanadin mutuwa da Jacques Bertillon ya gabatar a 1893, Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamarsa a 1948. Bugu na goma, ICD-10, ya fara aiki a 1994, na sha ɗaya kuma a Janairun 2022. A bugu na goma, daɗaɗɗen nau'in B shi ne B18.1, nau'in C B18.2, sirosis da ba a fayyace ba K74.6, na giya K70.3, dajin ƙwayoyin hanta C22.0. Dajin da ya taso daga wata gaɓa, kamar mama ko hanji, ya yaɗu zuwa hanta, lambarsa daban ce, C78.7, kuma haɗa shi da na farko yana kumbura adadin dajin hanta da abin da ba nasa ba. Shawarar da ba a san sanadinta ba R17 ce, ruwa a ciki R18, kuma su biyun alamomi ne ba cututtuka ba.

Mai sanya lamba ba ya ganin majinyaci, takarda yake gani. Idan rubutun likita bai karantu ba, ko ba a rubuta takardar sallama ba, ko an tsaya a CLD, abin da zai iya shi ne ya jefa fayil ɗin a lamba mai faɗi irin K76.9, ciwon hanta da ba a fayyace ba. Idan an ba shi gurbi ɗaya tak, mutumin da ke da nau'in B da sirosis da aman jini zai fito da ɗaya, biyu su ɓace. A ƙananan asibitoci kuma galibi ba a sanya lamba sam, rajista ce kawai da fom ɗin wata, wanda aka tsara shi ya fi kula da zazzaɓi da rigakafi da haihuwa. Aikin nan sana'a ce mai hukuma tun 1989, lokacin da aka kafa hukumar rajistar jami'an bayanan lafiya ta ƙasa, amma a asibitoci da yawa ɗakin kati ne ƙarshen samun ma'aikata da kanta da fanka. Abin takaici ne, domin duk binciken da farfesa zai yi da fayil, a kan aikin wannan ɗaki yake tsaye.

Mutum ɗaya, kati uku

Mai sirosis ba sau ɗaya yake kwanciya ba. Ruwa ya taru a zuƙe, ya koma gida, bayan wata biyu ya dawo. Idan ya ɓatar da katinsa aka yanka masa sabo, ya zama mutum biyu. Idan ya fara daga babban asibitin Dutse, aka tura shi Rasheed Shekoni, daga can Kano, ya zama uku, kowane da lambarsa. Haɗa su da suna ba ƙaramin aiki ba ne. Muhammadu na wannan littafin shi ne Mamman na wancan. Wani ya ba da sunan mahaifinsa a nan, ya ba da sunan garinsu a can. Mace ta shiga da sunan miji yau, gobe da na uba, ko da sunan da ake kiranta a gida saboda alkunya. Wani kuma ya ari katin ɗan'uwansa don kada ya biya kuɗin sabo, tarihin mutum biyu ya cakuɗe a fayil ɗaya. Shekaru galibi ƙiyasi ne, shi ya sa suke taruwa a 30, 35, 40 da 50, a takardar gwaji ma wani lokaci abin da ake rubutawa kawai shi ne babba ne ko yaro. Ga dajin hanta wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin ɗaya daga cikin manyan abubuwan da aka sani game da shi a Afirka ta Yamma shi ne yana kama mutane da ƙuruciyarsu fiye da Turai, kuma shekarun ƙiyasi ba sa bari a auna hakan da kyau.

Ƙasar Denmak ta ba kowane ɗan ƙasa lamba ɗaya tun 1968, ta buɗe rajistar majinyata ta ƙasa a 1977, shi ya sa can ana iya bin mai sirosis daga ranar da aka gano shi har ranar mutuwarsa. Misalin da ya fi kusa da Jigawa shi ne na Gambiya. A 1986 aka fara babban binciken rigakafin nau'in B a can, aka shigar da jarirai kimanin 125,000 cikin shekara huɗu, da nufin a ga bayan shekara 30 ko 40 ko rigakafin ya hana dajin hanta. Masu binciken sun san suna da ranar haihuwa ba za su isa a gane mutum bayan wannan tsawon lokaci ba. Sai suka kafa rajistar ciwon daji ta ƙasa a shekarar, suka rubuta sunan yaro da na iyayensa da ƙauyensu, suka ɗauki shatin tafin hannu da na ƙafa, suka kuma riƙa yin allurar BCG a hannu daban ga waɗanda aka yi wa rigakafin, don tabonta ya zama shaida. Sun fara tunanin haɗa bayanai tun kafin su yi allurar farko.

Yadda aka ƙare

Gurbin ƙarshe a rajista shi ne sakamako: an sallama, an tura gaba, ya tafi ba da yardar likita ba, ko ya rasu. A ciwon hanta wannan gurbi ne ya fi yaudara. Idan dangi suka fahimci ciwo ya wuce magani, ko kuɗi suka ƙare, sukan nemi a ba su mutuminsu ya cika a ɗakinsa cikin iyalinsa. Rajista za ta nuna ya fita da rai. Bayan kwana huɗu rai ya yi halinsa, a yi masa sutura cikin gaggawa kamar yadda addini ya tanada, babu takardar mutuwa, babu rajista a Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa. Asibiti zai ba da rahoton mace-mace kaɗan, alhali yawancin waɗanda suka fita ta wannan hanya ba su ga wata mai zuwa ba. Wanda ya rasu a asibitin ma, idan aka rubuta tsayawar zuciya da numfashi a matsayin sanadi, ba a faɗi komai ba, domin kowa da haka yake cikawa. Fom ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya yana neman sarƙar gaba ɗaya: aman jini, saboda kumburin jijiyoyin maƙoshi, saboda sirosis, saboda nau'in B. Layin ƙarshe ne ke shiga ƙidaya.

Auna ma'aunin

Mai sayen hatsi a kasuwar Shuwarin yakan duba tiyar kafin a fara awo. Abin da ake bukata ke nan a yi wa rajista. Hanyar ba ta da wuyar fahimta: a ɗebo wasu fayiloli ba tare da zaɓe ba, likitoci biyu su karanta kowane daga farko zuwa ƙarshe, kowa shi kaɗai, bisa sharuɗɗan da aka rubuta tun kafin a fara, su yanke hukunci ko sirosis ne tabbas, ko mai yiwuwa, ko ba shi ba ne. Sannan a gwada hukuncinsu da abin da rajista ta ce.

A ƙaddara, don misali kawai, rajista ta nuna mutum 200 masu sirosis. Da aka karanta fayilolin, 150 ne suka tabbata, 50 zuciya ce ko ƙoda ko tarin fuka. Ke nan idan rajistar ta ce sirosis, uku cikin huɗu ta yi daidai. Wannan rabin aikin ne. Sai an kuma bincika fayilolin da aka rubuta wa wasu sunaye, aman jini, kumburin ciki, shawara, ruɗewar hankali. A ce an samu wasu 100 a cikinsu. Masu ciwon na gaskiya 250 ne, rajista ta kama 150, wato kashi 60 cikin 100. Mai kallo daga nesa zai ga 200 da 250 ba su yi nisa ba, amma kusancin na bogi ne, kuskure biyu ne suka rufa wa juna asiri. Idan kuma waɗancan 50 yawancinsu masu jego ne da ciwon zuciya, duk abin da za a faɗa game da shekaru da jinsin masu sirosis ya karkace.

An yi irin wannan awo a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, da lardin Ontariyo na Kanada, da jihar Queensland ta Ostireliya. A dunƙule sun samu cewa lambar sirosis idan ta bayyana galibi gaskiya ce, lambar ruwa a ciki ita kaɗai ba abin dogaro ba ce, haɗa lambobi biyu ko uku ya fi ɗaya, kuma kitsen hanta ana barinsa ba a rubuta ba sau da yawa. Waɗannan sakamako ba za a ɗauko su a ɗora wa Dutse ba. Ingancin lamba ya danganta da irin cututtukan da ke kama da juna a wurin, da gwajin da ake iya yi, da horon mai sanya lambar. Kowane asibiti sai ya auna nasa, kuma awon fayil 200 aiki ne da likitoci biyu masu neman ƙwarewa za su iya gamawa cikin 'yan makonni.

Inda babu manyan na'urori ma akwai madogara. Lissafin APRI yana bukatar gwaji biyu ne kawai, sinadarin AST da yawan ƙwayoyin daskarar da jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi tun 2015 don ƙiyasta tabon hanta a wuraren da ba su da hali. Idan sakamakon biyun yana cikin fayil, mai bincike zai iya lissafawa ko bayan shekaru. Sharaɗin shi ne takardar gwajin ta shiga fayil, kada ta tafi gida a aljihun mai jinya.

Abin da ke hannun asibiti

Gyaran da ya fi tasiri ba shi ne mafi tsada ba. Takardar sallama mai gurbi uku, ciwo da sanadinsa da abin da ya haifar, tare da wurin nuna ko an tabbatar ko zato ne, za ta ceci alamar tambayar da ke ɓacewa. Lambar waya biyu a kan fayil, ta majinyaci da ta mai jinya, za ta ba da damar a kira bayan wata ɗaya da wata uku a ji yadda aka ƙare. Lambar ɗan ƙasa ta NIN, ga wanda ke da ita, za ta rage mutum ɗaya ya zama uku. Jigawa ta taɓa gwada haɗa ƙananan asibitoci da manya a ƙarƙashin inuwa ɗaya da tsarin Gunduma na 2007, kuma irin wannan tunani ne bayanai ke bukata, domin asibitin tarayya da na jiha da na kuɗi kowanne littafinsa daban. Kwamfuta tana maganin gara da danshin damina da ɓatan fayil, tana kuma sauƙaƙa nema, amma abin da aka shigar mata shi take mayarwa. CLD marar bayani a takarda, CLD marar bayani ne a allo.

Kasafi yana bin adadi. Nijeriya ta sa rigakafin nau'in B cikin allurar yara a 2004, kuma allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a yankin da yawancin mata ke haihuwa a gida. Ko za a tura ma'aikata su bi jarirai har gida, ko za a sayi maganin tenofobir a sauƙaƙa kuɗinsa, ko za a ajiye na'urar ɗaure jijiyoyin maƙoshi a Dutse ko Birnin Kudu, duk sai an nuna wa masu rabon kuɗi adadin da za su yarda da shi.

Fayil kuma amana ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa, kuma babu binciken da ya halatta sai kwamitin ɗa'a na asibiti ko na ma'aikatar lafiya ya amince. Sakamakon nau'in B yana iya ɓata maganar aure ko ya hana mutum aiki, musamman yanzu da maƙwabciya Kano ta wajabta gwajinsa kafin ɗaurin aure a 2024. A garin da kowa ya san kowa, suna da unguwa da shekaru sun isa a gane mutum. Don haka takardar da mai bincike zai fita da ita daga ɗakin kati lamba kawai za ta ɗauka, jerin da ya haɗa lambar da suna kuma ya zauna a kulle a hannun shugaban sashen, a lalata shi idan aikin haɗa bayanan ya kammala.